Yadda Muka Tuƙa Binuwai da Babbar Riga

Mutumin Tudun Wada ruwa iri biyu ya sani: wanda ke sauko masa daga sama, da wanda yake saye a jarka. Na saman yakan fara tun Afrilu ya dage har Oktoba, wani sa'in da ƙanƙara, amma ba ya kwana a unguwarmu. Gidajenmu a kan duwatsu suke, kafin ka fito da bokiti ya gangara lungu, ya kwashi ledoji da silifas ɗin yaro ƙafa ɗaya, ya yi gaba abinsa. Ruwan da ke zama wuri guda a ƙasar Jos shi ne na ramukan kuza da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi suka bar mana, kuma babu yaron da ya tashi a nan bai sha bulala ba don an gan shi a bakinsu. Da wannan tarbiyya aka rene mu. Shi ya sa a duk layinmu ni kaɗai ake tambaya zancen jirgin ruwa, domin na taɓa shiga na shaƙatawa a tafkin Rayfield, aka zagaya da ni, na fito takalmina a bushe. Ga shi kuma labarin ƙasa nake koyarwa a makarantar sakandare, na zana kogin Binuwai a allo har alli ya san hanya da kansa.

A dogon hutun 2023, cikin Agusta, matar ƙanen matata ta haihu a Ibi, inda yake aiki, muka shirya zuwa suna. Ibi na jihar Taraba, a gaɓar kudu ta Binuwai, mu kuwa ta arewa za mu ɓullo, kuma daga gadar Makurdi har ta Numan babu inda mota ke taka kogin. Dole sai fito. Kullum jama'a na yin wannan fiton su wuce harkarsu, ba mai jin labarinsu. Mu ma da haka za a yi, sai babbar 'yata Ladi ta nuna mini wani bidiyo a waya: Bature da matarsa da 'ya'yansu a jirgin da iska ke turawa, suna bin gaɓar ƙasar Norwe, tsakar dare ya kusa amma rana na nan ba ta faɗi ba. Na gyara zama na yi wa yaran bayani, yadda duniya ta ɗan karkata, har can ƙuryar arewa rana ke ƙin faɗuwa a watannin Yuni da Yuli. Ladi ta bari na gama, sannan ta ce, "Baba, su dai suna zuwa wurare. Mu kullum gidan namun daji."

Maganar ta sosa ni. Gidan namun dajin Jos a bayan unguwarmu yake, tun 1972 aka kafa shi, kuma duk hutu can nake kai su, har birai sun daina tasowa in sun hango mu. Nan take na yanke shawara. Mu ma Allah ya ba mu gaɓar arewa. In mun isa bakin kogi ba za mu ƙetare kai tsaye ba, shatar jirgi za mu ɗauka, mu bi gaɓar arewa mu haura sama, yara su buɗe ido, sannan mu gangaro mu sauka Ibi cikin mutunci kafin taron mata na yamma.

Maman Ladi ta ce ba ta yarda ba. Na kawo mata hujjar da ba ta da amsa. Jos na zaune a kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, ruwan da ya sauka a Filato kuma rabuwa yake: Delimi ya nufi arewa maso gabas har ya tarar da ruwayen da ke zuwa tafkin Chadi, wani ya yi yamma ya zama kogin Kaduna, na kudu kuwa, su Mada da Wase da Shemankar, duk Binuwai suke faɗawa. Shemankar ma daidai gaban garin Ibi yake shiga. Ashe ke nan kogin nan ruwanmu ne, ziyara kawai za mu kai masa.

Ta ce, "Baban Ladi, in naku ne, ka roƙe shi ya biyo famfo ya zo gida."

Surukata, wadda yara ke kira Kaka, ba ta yi gardama ba, sharaɗi ta gindaya. Mace ce da ba ta rabuwa da rediyo, ta kuma riƙe labarin jirgin da ya nitse da mutane masu yawa a wajen Wara ta jihar Kebbi a 2021. Ta ce jikokinta ba za su taka jirgi ba sai da rigar ruwa, ita ma haka. A kan wannan ban ja da ita ba, don ko a aji abin da nake faɗa ke nan. Sai kuma ta fito da kayan barka: buhun dankalin Turawa, da acca, da kabeji, da kular gwate don hanya.

Da asuba muka tashi, hazo ya rufe duwatsu, kowa cikin suwaita da hular sanyi. Ni kuwa a kan suwaitar na ɗora babbar rigata ta shadda, fara, mai aiki har ciki, don ba a zuwa suna gidan surukai da shigar kasuwa. Mararrabar Jama'a, Mangu, Panyam, sai muka fara gangarar Jibam, kunnuwa na toshewa, suwaitoci na fita ɗaya bayan ɗaya. Kafin Shendam auta Talatu ta fara kuka wai an kunna wuta a ƙarƙashin kujera. Daga Yelwa zuwa Sarkin Kudu ba zan ce komai game da hanya ba, sai dai motar har yau ba ta yafe mini ba. Rana na tsaka hanya ta ƙare a bakin ruwa.

A taswirar da nake koyarwa da ita Binuwai siririn layi ne shuɗi. Abin da muka tarar ba shuɗi ba ne, ja ne, launin ƙasar da ya kwaso tun daga tsaunukan Kamaru, yana tafe da ciyawa da rassa da kainuwa, ba ya sauri a ido amma duk abin da ya ɗauka kafin ka nuna wa na kusa da kai ya yi nisa. Rufin kwanon gidajen Ibi na ƙyalli can hayi. Ɗana Ɗanjuma ya kama hannuna ya ce, "Baba, wannan duk daga Jos ya zo?" Na ce wani sashe.

Bakin ruwan cike yake. Ana cusa babura a jirage, ana ɗora buhuna, mata na tallar kifi banda, har da babban jirgi mai ɗaukar motoci. Na bar motata a hannun wani mai shayi, na nemi mai jirgin da zai ba da shata. Aka nuna mini wani dattijo baƙi siriri, mai ƙarancin magana, da yaronsa ɗan shekara goma sha. Na zayyana masa tsarin tafiya. Ya dubi sama wajen gabas, ya dubi rigata, ya faɗi kuɗi.

Na ce, "Haba, Baba, jirgin zan saya?"

Ya ce, "Mai ne, Malam. Hawa ruwa mai yake sha."

Gaskiyarsa ta wannan fuska, don bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a lokacin lita ta haura naira 600 a birni, balle a bakin kogi inda ake sayarwa a galan. Amma ni ɗan Jos ne, a Taminus na koyi ciniki. Na raba kuɗin biyu na tsaya a nan. Na juya zan tafi, na dawo, na kira sunan Allah, na nuna masa yara. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya karɓa, ya ƙirga, ya zare wasu ya miƙa wa yaron da galan, ya ce, "To, Malam. Kuɗinka ne zai yi tafiyar." Na dubi Maman Ladi don ta ga yadda maza ke ciniki.

Rigunan ruwa sun samu, kowa ya sa tasa. Tawa ce kawai ta ƙi rufuwa a kan babbar riga, na rataye ta a wuya.

Jirgin na katako ne, dogo, an cusa tsumma da kwalta a tsakanin allunan, inda ya tsage kuma an buga masa gwangwanin da aka baje da ƙananan ƙusoshi, har ana iya karanta sunan madarar. Yaron ya zauna a tsakiya da galan da aka yanke wa kai, yana kwasar ruwa daga ƙasan jirgin yana watsarwa, ba gaggawa ba tsayawa, idonsa ma ba a kan aikin yake ba. Kaka ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Yaro, ruwan nan ta ina yake shigowa?"

Ya ce, "Ta ko'ina, Kaka."

"To ta ina yake fita?"

Ya ɗaga mata galan. Ta jawo Talatu ta ɗora a cinya, ta fara motsa baki.

Duk wanda zai ba da labarin ranar nan, in yana da adalci, ya fara da sa'ar farko, don ta yi kyau ƙwarai. Dattijon ya manne wa gaɓa, inda ƙarfin ruwa bai kai na tsakiya ba. Muka bi ta gefen gonakin shinkafa da ruwa ya shanye sai kawunansu, da giginyu tsaye cikin ruwa har gwiwa, da tungayen masunta, bukkoki uku huɗu a kan ɗan tudu, taru a shanye, hayaƙin banda na tashi. Balbelu na tashi a gabanmu su sauka gaba kaɗan. Iska mai sanyi na bugun bayanmu. Ladi ta ɗaga waya tana ɗauka, ni kuma na ga aji ya cika, na fara darasi. Kogin nan tsawonsa kusan kilomita 1,400 ne kafin ya haɗu da Neja a Lakwaja. Ta nan Dokta Baikie ya haura da jirginsa Pleiad a 1854, yana ba mutanensa kwinin, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe, abin da ya buɗe wa Turawa ƙofar da sauro ya daɗe yana gadi. A Ibi Kamfanin Neja ya kafa tasha, a nan kuma Karl Kumm da abokansa 'yan mishan suka sauka a 1904 kafin su wuce Wase. Dattijon, da na zaci ba ya ji, ya ce a zamanin ubansa manyan jirage kan wuce da damina har Yola da Garwa, su kai gishiri su sauko da gyaɗa da auduga. Na ce wa yara su riƙe, ga shaida daga bakin mai wuri.

A nan ne Kaka ta hango wani masunci yana duba ƙugiyoyinsa, ta ce a tsaya ta saya wa mai jego kifi. Aka haɗa jiragen biyu gefe da gefe. A ƙasan nasa akwai karfasa da ƙurungu suna ta kukansu, sai wani kifi guda mai ƙiba, jikinsa sumul ba ɓawo, toka-toka da ɗigo-ɗigo, idanu ƙanana, ga gashin baki, yana kwance abinsa cikin ɗan ruwa. Na ce, "Ɗanjuma, matso ka ga tarwaɗar kogi, ba irin ta kiwo da ake gasa muku ba." Na naɗe hannun riga na miƙa.

Dattijon ya ce, "Malam…"

Iyakar abin da na ji ke nan. Wani abu ya shiga ta yatsuna ya fita ta haƙorana. Ban san na tashi ba, sai na gan ni zaune a kan buhun dankali, ƙafa ɗaya a kular gwate, jirgi na rawa, Maman Ladi na salati, masuncin kuwa ya kife a kan taronsa yana dariya har da hawaye. Minjirya ce. Masana sun ce babbarta na iya sakin wuta har bolt 350, alhali wadda ake kawo mana a waya 230 ce, in an kawo. Na faɗa musu hakan da zarar harshena ya dawo, don kada darasi ya tafi a banza, na ƙara da cewa ita ma dangin tarwaɗa ce a wajen masana, saboda haka ban yi nisa da gaskiya ba. Ɗanjuma ya tambaya ko za a saya mu riƙa cajin waya.

Ba mu yi nisa da wurin ba inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Muna daidai wata tunga, ga giginya guda a bakin ruwa, ga wata mata tsugune tana wanke tukwane. Dattijon ya ɗaga injin daga ruwa ba tare da ko jan igiyarsa ba.

Na ce, "Fulogi ne?"

Ya ce, "A'a. Nan kuɗinka ya ƙare."

Ashe lissafinsa ya riga ya yi. Man hawa ne ake saye, saukowa kyauta ce. Zai saki jirgin ruwa ya gangara da mu, shi da yaron su riƙa karkata shi da matuƙi sannu a hankali, mu sauka Ibi kafin la'asar. Maman Ladi ta ce madalla. Kaka ta ce madalla. Amma ni na yi wa yara alkawarin jirgin iska, ga kuma iska na kaɗawa a banza. Kowane ɗalibina ya san da damina iska daga kudu maso yamma take tasowa, daga teku, Binuwai kuwa kudu maso yamman yake nufa. Ke nan iska hawa take, ruwa na sauka. Wanda ya tare ta, zai haura ba ko kwabo.

Dattijon ya yarda haka ne. Ya ce kafin inji ya yawaita, da buhuna ake ɗinka abin tare iskar, a kafa a gora, a hau da shi. Nasa yana gida, ɓeraye sun gama da shi. Na dubi jirgin: buhu ɗaya ne, kuma Kaka ta dafa shi da hannu biyu tun kafin in yi magana. Na dubi zanin Maman Ladi, ta dube ni, na janye ido. Abin da ya rage shi ne yadi mai yawa da ke jikina.

Aka kafa gorar tuƙi a tsaye aka ɗaure ta da allon zama. Aka zura wata sanda ta hannayen rigar, aka ɗaga, yaron ya riƙe gefe ɗaya na ƙasa, ni na riƙe ɗaya. Iska ta shige ta. Rigar ta kumbura ta yi fam, aikin wuyanta na walƙiya a rana, ba ta taɓa yin kwarjini haka a jikina ba. Jirgin da ya fara ja da baya ya tsaya cak. Yara suka yi tafi. Matar da ke wanke-wanke ta ɗago ta ce, "Sannunku da tafiya!" Muka amsa gaba ɗaya.

Ina so a rubuta cewa ilimina ya yi aiki. Iska ta tura mu sama, babu mai musun wannan. Abin da ya faru shi ne ruwa ma yana tura mu ƙasa, kuma a ranar ƙarfinsu ya zo ɗaya. Ruwa na wucewa ta gefen jirgi da gudu, har da ƙara, kainuwa na shuɗewa, in ka dubi ƙasa sai ka rantse mun kusa Yola. In ka ɗaga kai, ga giginya. Matar ta gama tukwane ta kife su. Ta shiga bukka ta fito da yaro ta yi masa wanka. Ta hura wuta. Da ta sake dubowa ta gan mu, sai ta ce, "Sannunku da hutawa."

Duk wannan ina tsaye daga ni sai singileti da rigar ruwa a gaban surukata, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarta. Kaka ta juya mini baya, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba, amma daga nan duk maganarta ta hannun wakili take zuwa.

"Ki gaya wa Malam, mai jego na jira."

"Baban Ladi, Mama ta ce mai jego na jira."

"Ki ce wa Mama saura kaɗan, iska za ta ƙaru."

"Ki gaya masa na ji."

Iskar kuwa ta ƙaru, sai dai ba wadda na yi oda ba. Dattijon ya daɗe yana satar kallon gabas. Can sai ya ce, "Malam, a sauke rigar nan." Na waiga, na ga gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ruwa har sama. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, da tasa iskar a gaba, wannan ma yana cikin littafi, babi na gaba ne kawai. Iskar da ke bayanmu ta ɗauke ɗif, rigar ta saki jiki. Ina cikin kwance ƙullin, sabuwar ta iso. Rigar ta juyo ta mare ni, ta kumbura ta ɗaya gefen, yanzu ruwa da iska bakinsu ɗaya. Giginyar da ta ƙi rabuwa da mu ta ɓace kafin in ce a riƙe yara. Sandar ta zame, rigar ta tashi sama hannuwa a buɗe kamar mai bin bashi ya hango wanda yake nema a kasuwa, ta yi tsakiyar kogi.

Daga nan dattijon ya zama wani mutum. "Kowa ƙasa! Kada wanda ya miƙe! Malam, zauna!" Rabon da a daka mini tsawa haka tun ina firamare, kuma na zauna. Shi a baya, yaron a gaba, suka dinga sara ruwa da matuƙi, ba su yi gardama da kogin ba, suna binsa suna ɗan karkatawa, har suka cusa hancin jirgin cikin dogayen ciyayin gaɓa. Yaron ya damƙi wani reshe ya ɗaure. Sai ruwan sama ya sauko.

Yanzu jirgi na sha ta ƙasa yana sha ta sama, galan ɗaya ba zai iya ba. Maman Ladi ta juye sauran gwaten a kogi ta kama kwasa da kula. Ladi da murfin. Ɗanjuma da hular sanyinsa, wadda ba ta riƙe komai, amma ba wanda ya hana shi. Kaka, Talatu na ƙarƙashin mayafinta, ta ɗauki kwanon sha tana kwasa tana watsawa, kuma ko da gangan ko iska ce, rabin abin da take watsawa a jikina yake sauka. Na ba da shawarar a rage nauyi da buhun dankali. Wannan karon ba ta nemi wakili ba. Ta ce, "A fara da mai nauyin ciki."

Da ruwa ya tsagaita, sauro da ke cikin ciyawar suka fito gaisuwa. Mu mutanen Jos ba mu saba da irin wannan ba, namu na tudu sanyi ya ladabtar da su. Dattijon ya kwance jirgi ya bi gaɓa da mu a hankali, da gora inda ta taɓa ƙasa, da matuƙi inda ba ta taɓa ba. Magariba na gabatowa muka zagayo wani lanƙwasa, sai ga fitila, ga benci, ga wata mota da na sani.

Mai shayi ya ce, "A'a, Malam, har kun dawo? Yaya mai jego?"

Na ce wa dattijon to, yanzu a ƙetare da mu, zan biya kuɗin mai ko nawa ne. Ya girgiza kai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, shi ma ba ya yi, ga ruwa ya ƙaru, ga itatuwa na tahowa ba a ganinsu. Ko na cika jirgin da kuɗi sai da safe. Na so in yi ciniki, Maman Ladi ta taka mini ƙafa.

A mota muka kwana, gilashi a rufe saboda sauro, a buɗe saboda zafi, haka aka yi ta yi har asuba. Abin da ban taɓa koyarwa ba, amma yanzu na sa a darasi, shi ne yadda sauti ke tafiya a kan ruwa da dare. Lasifikar gidan suna tana zuwa mana tar daga hayi. Muna jin kiɗa, muna jin guɗa, muna jin mai gabatarwa na cewa a ƙara haƙuri, manyan baƙi daga Jos suna kan hanya. Ƙanen matata ya kira.

"Yaya, kuna ina ne?"

Na ce, "Muna ganinku."

Da safe muka shiga jirgin fito na kowa da kowa, tsakanin babur da kwandon kaji, a kuɗin da bai kai na shayin da muka sha ba. Kafin Talatu ta gama cin ƙosai mun isa. Na shiga gidan surukai da suwaita a zafin Ibi, fuska duk cizon sauro, ɗauke da buhun dankali jiƙaƙƙe. Shinkafar jiya aka ɗumama mana.

Da hantsi wani yaro ya zo ya ce ana sallama da mai riga. A bakin ruwa na tarar da ita a shanye a kan wani jirgi da aka kife, ta koma ruwan ƙasa, amma ko zare bai fita ba. Wani masunci ne ya jawo ta da asuba, ya ɗauka giwan ruwa ce ta faɗa masa, har ya kira ƙannensa su taya shi ja. Ba ya neman tukuici, in ji shi, tarunsa kawai da ta yaga za a biya. Jama'a sun taru, kowa ya riga ya san labarin, har da na minjirya. Na biya yadda ya faɗa.

Ranar komawa Kaka ta sanar, ta bakin Maman Ladi, cewa ita da ruwa sai a buta. Za ta bi ta Wukari, ta hau gada a Makurdi, ta bi Lafiya da Akwanga ta hau Jos, kuma da 'yarta da jikokinta za ta tafi. Na ce ai tsohuwar gadar Makurdi tun 1932 take, yara za su ƙaru da ganinta. Ba wanda ya tanka. Na biya kuɗin mota na mutum biyar, na ɗauki rigata a leda, na gangara bakin ruwa ni kaɗai don in ƙetare in ɗauko motata.

Jirgin da ke kan layi na dattijon ne. Ya gaishe ni da mutunci, bai ambaci komai ba, yaron ne kawai ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Muna tsakiyar kogi ya rage inji, ya nuna ledar da haɓa.

Ya ce, "Malam, rigar nan tana kama iska. Da tsadar man nan, na kwana ina tunaninta. Za ka sayar?"

Na so a ce Maman Ladi na wurin ta ji da kunnenta. Na faɗa masa kuɗin shaddar, da na ɗinki, da na aikin wuya, ban ƙara ko sisi ba. Ya dubi sama wajen gabas, ya dubi ledar, ya raba kuɗin biyu ya tsaya a nan. Na ce haba, Baba. Ya kashe injin gaba ɗaya, ya harɗe hannuwa, ruwa ya fara gangarawa da mu wajen Makurdi.

Na ce, "Kawo."